Warin Jiki Da Ba A San Dalilinsa Ba: A Bar Zargi, A Nemi Sababi

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kyautata halittarsa, Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Maudu'in da za mu tattauna a wannan zama abu ne da harshe ke jin nauyin ambatonsa, alhali kuwa ɓarnar da yake yi a gidajenmu ba kaɗan ba ce. Shi ne matsalar warin jiki, musamman irin wanda mai shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa na wanka da wanki da shafa turare, amma abin ya ƙi gushewa, kuma ya rasa gane ta inda yake fitowa. A cikin unguwannin nan namu, tun daga Kawo da Unguwar Dosa, zuwa Badarawa da Unguwar Sarki, har Tudun Wada da Rigasa, akwai bayin Allah da wannan lalura ta mayar da su saniyar ware. Akwai magidancin da ya daina zuwa jam'i saboda yana ganin ana jan jiki daga gare shi a cikin sahu. Akwai ɗalibar Islamiyya da ta bar karatu saboda 'yan ajinsu sun laƙaba mata suna. Akwai amaryar da aka saka tun lallen ƙafarta bai goge ba, kuma har ta koma gidan iyayenta babu wanda ya gaya mata laifinta.

Abin da muke so mu tabbatar a yau shi ne, wari alama ce a jiki kamar yadda zazzaɓi yake alama, kuma kowace alama tana da sababi. Mafi yawan waɗannan sababbai likita yana iya gano su. Da yawansu suna warkewa sarai, sauran kuma ana iya rage su har mutum ya koma cikin jama'a. Don haka aikin mai lalura shi ne neman sababi, aikin sauranmu kuma shi ne mu taimaka masa, mu kame harsunanmu.

MATSAYIN TSABTA A ADDININMU

Kafin mu shiga maganar cuta, wajibi ne mu fara da abin da yake hannunmu. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Iziyya ko Risala ya san cewa babin tsarki ne ke gaba da babin salla. An ruwaito a Sahihu Muslim cewa an iyakance wa sahabbai kwana 40 game da rage gashin baki, da yanke farce, da cire gashin hammata, da aske na mara, kada su zarce haka. Uwar Muminai A'isha (R.A.) ta ba da labarin yadda mutane suke zuwa sallar Juma'a daga gidajensu da ƙauyukan gefen Madina, ƙura da zufa sun rufe su, har wari na tashi, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya shiryar da su ga yin wanka domin wannan yini. Haka nan ya hana wanda ya ci tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci, saboda mala'iku suna cutuwa da abin da 'yan Adam suke cutuwa da shi.

Saboda haka kada wani ya fake da wannan lacca ya ce an ba shi izinin ƙazanta. Mun san zafin garin nan a watannin Maris da Afrilu, mun kuma san yadda tufafi suke ƙin bushewa da damina. Wanda ya yi kwana uku da riga ɗaya ta yadin roba a jikinsa, sa'an nan ya shigo sahu, nasiha da sabulu yake buƙata, ba likita ba.

To amma Shari'a ta bambanta tsakanin mai sakaci da mai uzuri. Imam Abu Dawuda ya ruwaito ƙissar Mugira ɗan Shu'uba (R.A.), wanda ya ci tafarnuwa ya zo masallaci, Manzon Allah (S.A.W.) ya ji warinta ya maimaita hanin nan. Da aka idar da salla sai Mugira ya zo ya kama hannunsa mai albarka ya sa ta cikin rigarsa, ya taɓa ƙirjinsa, sai ga shi a ɗaure saboda wata lalura. Nan take Manzon Allah (S.A.W.) ya tabbatar masa cewa shi mai uzuri ne. Ku duba darasi biyu da ke cikin wannan ƙissa. Mai lalura bai ɓoye lalurarsa ba, shugaba kuma da ya ga uzuri bai ci gaba da zargi ba. Waɗannan biyun su ne muka rasa a yau.

ABIN DA AKE FAƊA A GARI

Idan wari ya ƙi jin sabulu, bayani uku ne suka fi yawo a bakin mutane. Na farko, a ce warin ƙashi ne, wai ungozoma ce ba ta cuɗe shi da kyau ba ranar da aka haife shi, don haka da abinsa zai mutu. Wannan magana ba ta da tushe. Ƙashi ba ya wari a jikin mai rai, kuma farin maiƙon nan da ake haihuwar jariri da shi kariya ce ga fatarsa. Hasali ma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jinkirta wa jariri wankan farko har sai ya yi awa 24, domin kada sanyi ya kama shi. Sau da yawa an ɗora wa tsofaffi laifin da ba nasu ba, an kuma dirje fatar jarirai ba gaira ba dalili.

Na biyu, a ce jifa ce, kishiya ko dangin miji ne suka sa mata baƙin jini. Na uku, a ce aljani ne ya aure ta, shi ke sa mata wari don ya kori maza. Mu ba ma musun samuwar sihiri da kambun baka, nassi ya tabbatar da su, kuma addu'a da ruƙiyya ta Shari'a halal ne ga kowace cuta. Amma wa ya ba mu ilmin cewa wannan warin na wannan baiwar Allah sihiri ne? Kuma wa ya nuna mana wanda ya yi shi? A kan zato kawai an yanke zumunci, an raba 'yan'uwa, an kwashi kuɗin marayu an kai wa boka, alhali Imam Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Ga asarar dukiya, ga asarar addini, ga warin kuma yana nan daram.

Mu tuna da Faɗimatu 'yar Abu Hubaishi (R.A.), wadda ta zo ta kai kukan jinin da ba ya ɗauke mata. Manzon Allah (S.A.W.) ya bayyana mata cewa wannan jinin wata jijiya ce, ba haila ba ne, ya kuma koya mata yadda za ta yi sallarta. Ita kunya ba ta hana ta tambaya ba, shi kuma ya nuna mata sababi a cikin jiki. A kan wannan tafarki magabatanmu suka tafi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da ɗawainiyar mulki da ke kansa ya wallafa littattafai a kan magunguna, har da wanda ya keɓe wa ciwon basir.

DAGA INA WARI YAKE FITOWA?

Masana jikin ɗan Adam sun bayyana cewa maɓuɓɓugan zufa iri biyu ne. Iri na farko sun bazu a ko'ina cikin fata, yawansu ya kai miliyan 2 zuwa 4, kuma abin da suke fitarwa kusan ruwa ne da gishiri, aikinsa sanyaya jiki. Iri na biyu suna hammata da matsematsi, ba sa fara aiki sai lokacin balaga, zufarsu kuma tana da kauri da maiƙo. Ita kanta zufar ba ta da wari a lokacin da take fitowa. Ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, su ne suke cin ta su fitar da abin da hanci ke ji. Gashi yana riƙe danshi ya ba su mafaka, kuma a nan za mu ga hikimar sunnar cire gashin hammata.

Abinci ma yana da nasa rabo. Tafarnuwa tana da wani sinadari da ke shiga jini ya riƙa fita ta numfashi da fata, shi ya sa aswaki ba ya kashe ta nan take. Hulba, wadda iyayenmu mata suke yawan sha, tana fita a zufa da fitsari, har ta kama tufafi da shimfiɗa. Mutane da yawa sun sha wahalar neman magani alhali abin yana cikin kofin da suke sha kowace safiya. Haka nan masu shafa man canza launin fata su sani cewa a 2008 wasu likitocin fata na Legas sun lissafa ƙarni irin na kifi a cikin illolin da suka gani a jikin waɗanda suka daɗe suna amfani da waɗannan mayuka.

CUTUTTUKAN DA KE ƁOYE A BAYAN WARI

Yanzu sai mu bi jiki gaɓa gaɓa. Mafi yawan warin baki, kimanin kashi 80 zuwa 90 cikin 100, daga cikin bakin kansa yake: dattin da ke kwanciya a bayan harshe, kogon haƙori, da ciwon dasashi mai sa jini idan an yi aswaki. Wannan aikin likitan haƙori ne, ba na mai maganin gyambon ciki ba.

Sai hanci da kunne. Akwai wata cutar hanci da ke busar da cikinsa ta tara ɓawo mai ɗoyi, kuma abin tausayi shi ne mai ita ba ya jin warin, domin cutar ta kashe masa jin ƙamshi da wari baki ɗaya. Akwai kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya. Idan kuma yaro ƙarami ya fara wari, majina mai ɗoyi na fita ta kafar hanci ɗaya kawai, to a yi zaton ya cusa wani abu ne, ƙwayar wake ko dutsen ado ko guntun soso. Kada a sa tsinke, a kai shi a cire. Allah Ya yi mana ni'ima a garin nan da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, inda ake duba kunne da hanci da maƙogwaro.

Sai fata. Wata bakteriya takan naɗe gashin hammata da wani abu rawaya, wata kuma takan zauna a matsematsi ko tafin ƙafa. Wanda yake yin alwala ya sa safa da takalmi sau ciki ba tare da ya tsane tsakanin yatsunsa ba, ya buɗe wa wannan ƙofa. Yawan zufa fiye da kima kuma yana iya zama alamar ciwon maƙoƙo mai sa rama da bugun zuciya, ko tarin tibi idan zufar dare ce tare da tari da ya wuce mako biyu.

Akwai kuma nau'i uku da ba a kwana da su a gida. Idan numfashin mutum ya riƙa ƙamshi kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, tare da ƙishirwa da yawan fitsari da amai, wannan ciwon sukari ne da ya kai matakin haɗari. Idan numfashi yana zarni kamar fitsari, ƙafafu da fuska suna kumbura, a duba ƙoda. Idan idanu sun yi rawaya, ciki ya kumbura, numfashi na wani irin wari mai gumi, a duba hanta. A irin waɗannan halaye warin rahama ce daga Allah, ƙararrawa ce da ke kaɗawa tun kafin gini ya rushe. Wanda ya rufe ta da turare ya cuci kansa.

GAME DA IYAYENMU DA 'YAN'UWANMU MATA

A nan muna roƙon maza su saurara fiye da matan, domin su ne masu ba da izinin fita da kuɗin asibiti. Mafi yawan ƙarnin da mata suke kuka da shi, wanda ake haɗe shi da sauran cututtuka a kira su duka da sunan sanyi, yana faruwa ne idan ma'aunin ƙananan halittun da Allah Ya sanya su tsare wurin ya rikice. Daga cikin abubuwan da ke rikita shi kuwa akwai yawan wanke ciki da sabulu da cushe-cushen kayan haɗi, wato abin da ake yi da niyyar gyara shi ke jawo ɓarnar. Maganin asibiti na mako ɗaya yakan kawar da shi, ko da yake yana iya dawowa a sake komawa. Amma ruwa mai ɗoyi gauraye da jini, musamman bayan saduwa ko bayan haila ta ɗauke wa mace baki ɗaya, yana iya zama sankarar bakin mahaifa. Haka nan mai jego da jinin biƙinta ya yi ɗoyi tare da zazzaɓi, asibiti za a kai ta a ranar, ba ƙarin ruwan zafi ba.

Sai babbar musibar nan ta yoyon fitsari, wadda doguwar naƙuda ko yankan gishiri ke haifarwa. Yarinya ta rasa ɗanta, ta rasa lafiyarta, sa'an nan zarni ya sa miji ya guje ta, a ware mata kwano da tabarma a bayan gida. Alhali cuta ce da ake ɗinkewa. Tun farkon shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya fara wannan aiki a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, an yi wa dubban mata aiki sun warke, an kuma horar da likitocinmu na gida. A jiharmu akwai sashen wannan aiki a Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Zariya. Mu kuma sanar da mai wannan lalura cewa sallarta ingantacciya ce. A mazhabarmu ta Malikiyya, fitsarin da ke zuba ba da iko ba a mafi yawan lokaci ba ya warware alwala, sai dai an so ta sabunta ta ga kowace salla.

CIWON ƘARNIN KIFI

To idan an duba duk waɗannan ba a ga komai ba fa? Akwai wata lalura ta gado da ya kamata mu san da ita. Idan mutum ya ci wasu nau'o'in abinci, bakteriyar hanji tana fitar da wani sinadari mai ƙarnin ruɓaɓɓen kifi da ake kira tirimetilamin. A jikin mafi yawan mutane hanta tana da wani ma'aikacin sinadari, wanda masana suka yi wa laƙabi da FMO3, da ke juya shi ya koma marar wari ya fita a fitsari. Wanda aka haifa da rauni a wannan wuri, sai sinadarin ya taru ya riƙa fita ta zufa da numfashi da fitsari. A 1970 likitoci a Amurka suka fara siffanta wannan lalura a jikin wata yarinya 'yar shekara 6, a 1997 kuma aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta. Daga uwa da uba duka ake gadonta, kamar yadda ake gadon sikila, kuma iyayen kansu suna iya kasancewa lafiya lau.

Alamarta ita ce warin yana zuwa yana tafiya. Yakan tsananta bayan cin wani abinci, ko lokacin zafi da damuwa, ko gab da haila. Shi ya sa mai ita zai je gaban likita a ranar da babu komai, a ce masa tunani ne kawai. A wani bincike da cibiyar Monell ta birnin Filadelfiya ta wallafa a 2011, an gwada mutum 353 masu kukan warin da ba a san dalilinsa ba, sai aka sami kimanin kashi ɗaya cikin uku suna da wannan lalura. Da gwajin fitsari na musamman ake tabbatar da ita, wanda ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba.

Ba a warkar da ita ɗungurungum, amma ana sarrafa ta. Ana rage kifin teku, irin wanda ake kawo mana a ƙanƙara, domin kifin kogi ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Ana rage gwaiduwar ƙwai, da hanta da ƙoda, da wake da waken suya da awara. Ana wanka da sabulu mai ɗan tsami irin wanda ya dace da fata, likita kuma yakan ba da maganin rage bakteriyar hanji na ɗan lokaci. Sai dai mai ciki da mai shayarwa da yaro mai tasowa kada su yanke waɗannan abinci da kansu, domin jikinsu yana buƙatar abin da ke ciki.

WARIN DA BABU SHI

Akwai kuma wani ɓangare da adalci ya wajabta mu ambata. Wani bawan Allah ya sakankance cewa yana wari, alhali babu wanda yake ji. Wani ya sosa hanci, ya ce da shi ake. Aka buɗe tagar mota, ya ce saboda shi ne. Yana wanka sau biyar ko shida a yini har fatarsa ta tsage. Wannan ma cuta ce, 'yar'uwar waswasin nan da muka sani a alwala da salla. A 1990 wasu likitocin haƙori biyu na Jami'ar Benin sun wallafa bayani a kan mutum 32 da suka zo da kukan warin baki wanda bincike bai same shi ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan lalura a cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022. Mai ita ba maƙaryaci ba ne, ba kuma mahaukaci ba ne. Azabar da yake ji gaskiya ce, har takan kai wasu ga tunanin halaka kansu, Allah Ya kiyaye. Tana da magani a wurin likitocin ƙwaƙwalwa, kuma asibitin tarayya na wannan fanni yana nan Barnawa, ƙetaren kogi kawai.

MATAKAN DA ZA A BI

Na farko, mai lalura ya sami amintacce guda ɗaya, mai tsoron Allah, ya tambaye shi gaskiya: akwai warin ko babu, wane iri ne, daga ina yake fitowa, kuma a wane lokaci? Hancin mutum yana sabawa da warin kansa, don haka shaidar wani ta fi tasa.

Na biyu, ya yi mako biyu yana rubuta abin da ya ci da abin da ya sha, har da magunguna da jiƙe-jiƙe da mayukan shafawa, da ranakun da abin ya tsananta.

Na uku, ya cika haƙƙin tsabta: wanka da sabulu da tsane jiki sosai, cire gashi, canza tufafin ciki kullum, fifita yadin auduga, shanya kaya a rana har su bushe, da goge bayan harshe.

Na huɗu, idan abin bai gushe ba ya tafi asibiti, kuma a ranar kada ya shafa turare. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya fara da likitan da ke duba kowa da kowa, a asibitin unguwa ko Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ko Asibitin Barau Dikko, wanda ke ɗauke da sunan likita na farko ɗan Arewa, kuma yanzu shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna. Ya faɗi damuwarsa ƙarara, ya miƙa takardar da ya rubuta, a auna sukari da fitsari da aikin ƙoda da hanta. Daga nan ne za a tura shi wurin ƙwararren da ya dace, ko da zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ne.

Na biyar, idan maganin farko bai yi ba ya koma ya faɗa, kada ya yanke ƙauna. Ya nisanci sayen ƙwayoyi barkatai a kemis, da kwalaben masu lasifika a tashoshin mota, waɗanda suke cewa maganinsu ɗaya yana warkar da cuta arba'in. Wasu an je neman maganin wari an dawo da ciwon ƙoda.

HAƘƘIN MAI LALURA A KANMU

Ya 'yan'uwa, Allah (S.W.T.) Ya hana mu izgili da jifan juna da miyagun laƙubba a aya ta 11 ta Suratul Hujurati, Ya kuma hana mu mugun zato da giba a ayar da ke biye da ita. Toshe hanci da ƙifta ido a gaban mutum izgili ne, ko da ba a furta komai ba. Wanda ya ji wari a jikin ɗan'uwansa, ko dai ya keɓe shi ya gaya masa cikin ladabi, ko ya yi shiru ya yi masa addu'a. Amma ya fesa wa duk unguwa ban da mai abin, wannan cin naman ɗan'uwa ne.

Ga magidanta, malamanmu ba su bar wannan babi ba. Shehu Halil a cikin Muhtasar ya jera aibobin da ke ba da zaɓin warware aure idan sun riga ɗaurin auren kuma ba a sani ba. Ya sanya warin gaban mace a cikinsu, ya fitar da warin baki, sa'an nan a wasu aibobin da ake sa ran warkewarsu ya ambaci a ba da lokaci domin neman magani. To yaya wanda zai rubuta takardar saki a kan abin da maganin kwana bakwai ke kawarwa? Da kai ne lalurar ta sama, me za ka so ta yi maka?

Ga limamai da kwamitocin masallatai, a riƙa tunatar da jama'a tsabta a dunƙule ba tare da nuna wani ba. Idan an san mai lalura, a kira shi gefe, a ji uzurinsa, a taimaka masa daga asusun masallaci ya je asibiti. Wanda warinsa ke cutar da masallata da gaske yana da rangwamen yin salla a gida har ya sami sauƙi, kuma muna kyautata zaton Allah zai rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya. Amma a riƙa ziyartarsa, kada rangwame ya zama kora. Ga malaman makarantu kuma, yaron da aka laƙaba wa suna amana ce a hannunku. Ku tsawata wa masu tsokana, ku kira iyayensa a asirce. Muna kuma kira ga 'yan'uwanmu likitoci da ma'aikatan jinya da su saurari mai wannan kuka da natsuwa, domin kafin ya iya buɗe baki ya faɗa, Allah kaɗai Ya san shekarun da ya yi yana haɗiye ta.

Daga ƙarshe, ga ɗan'uwa ko 'yar'uwa da Allah Ya jarraba da wannan lalura, ku sani cewa darajarku a wurin Allah tana ga taƙawarku ne. Haƙuri ba ya hana neman magani, neman magani kuma ba ya warware tawakkali, domin Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya umarci bayin Allah da su nemi magani. Ku tashi ku bi sababi, ku haɗa da addu'a. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Muna roƙon Allah Ya bai wa marasa lafiyarmu lafiya, Ya suturta mu duniya da lahira, Ya tsarkake zukatanmu da jikkunanmu da harsunanmu, Ya sa abin da muka ji ya amfane mu baki ɗaya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.